Wace ce fosta "ta asali", kuma ya dace a rataye ta a falo?

Zanen_Bango:
Assalamu alaikum jama'a. Ga wata magana da nake so masana su warware mana. Fostocin baje kolin zanen zamani, irin waɗanda gidajen baje zane na Faris da sauran biranen Turai suka riƙa bugawa daga ƙarshen yaƙin duniya na biyu zuwa shekarun 1970 don tallar nunin Pikaso, Matisse, Miró, Chagall, Braque da ire-irensu, yanzu sun koma kayan adon ɗaki. Kowane mai sayarwa kuma rantsuwa yake tasa ta asali ce. A ganina guda ɗaya ce ta cancanci wannan suna: wadda aka buga a shekarar nunin, domin nunin. Saura duk kwafi ne, ko da an yi musu ado da suna. To yaya ake gane ta? In kuma an same ta, hikima ce a rataye ta inda haske zai ci ta, ko a adana ta a rataye kwafi?

BugunDutse:
Wa alaikumus salam. Malam Zanen_Bango, ka kama hanya, amma ka dunƙule abubuwan da ba ɗaya ba ne. Ko a cikin waɗanda aka buga domin nunin akwai hawa-hawa. Akwai wadda mai zanen da kansa ya zana a kan dutse ko a takardar da ake juyewa kan dutse, wato hoton ba ya wanzu a ko'ina sai a fostar. Akwai kuma wadda ƙwararren ma'aikacin maɗaba'a ya kwaikwayi wani zane da ke akwai, ya raba launukansa dutse-dutse, mai zanen ya duba ya amince. A maɗaba'ar Mourlot da ke Faris, inda Pikaso ya fara aiki a 1945, Henri Deschamps ne ya yi wa Pikaso irin wannan aiki da yawa, Charles Sorlier kuma ya yi wa Chagall. Sau da yawa za ka ga sunan Deschamps ko Sorlier da ƙananan haruffa a gindin hoton. Dukansu biyun na lokacin ne, amma ta farkon ta fi daraja a wurin masu tarawa. Bayan su sai wadda gidan nunin ya sake bugawa da izini shekaru bayan nunin, sannan can ƙarshe wadda wani ya ɗauko hoto a intanet ya buga jiya.

Mai_Tawada:
A ƙara da wadda ba a taɓa yin nuninta ba ma sam. Intanet cike take da "fostocin Bauhaus 1923" iri-iri masu da'ira da murabba'i, alhali sabon tsari ne da aka yi a kwamfuta. Nunin da makarantar zane ta Bauhaus ta yi a 1923 a Weimar ta Jamus gaskiya ne, fostarsa da aka sani kuwa Joost Schmidt ne ya tsara ta, kuma ba abu ba ne da za a tsinta a kasuwar kayan ado. Haka ake yi wa Matisse: nunin yankakkun takardunsa a gidan baje zane na Berggruen da ke Faris a 1953 ya faru, amma yawancin abin da ke yawo da sunan nan an ɗora wani hoto ne kawai a kan rubutun. Dalili shi ne a ƙasashe da yawa haƙƙin mallaka yana faɗuwa shekara 70 bayan rasuwar mai zane. Klee ya rasu a 1940, Kandinsky a 1944, Matisse a 1954. Kowa sai ya buga abinsa.

Uwar_Ɗaki:
To ku faɗa mana yadda ake ganewa da ido mana. Tarihi ba zai taimaki wanda ke tsaye gaban takarda ba.

BugunDutse:
Hajiya, gilashin ƙara girma mai ninki 10 shi ne makamin farko. A ɗora shi inda launi bai yi duhu sosai ba. Bugun dutse yana nuna ɓarɓashi mara tsari, kamar an goga alli a kan bango mai kaushi, kuma kowane launi tawadarsa daban ce: kore kore ne, ba shuɗi da rawaya aka jera ba. Inda launi biyu suka haɗu za a ga ɗan hawan juna ko ɗan farin layi, saboda takardar ta bi ta inji sau ɗaya domin kowane launi. Bugun ofset kuwa, wato na injin buga littattafai da jaridu, ɗige-ɗige ne a jere, launi huɗu, shuɗi da ja mai ruwan hoda da rawaya da baƙi, suna haɗa wasu ƙananan zobba kamar fure. Firinta mai fesa tawada tana barin ɗigo ƙanana ƙwarai a warwatse, ba jeri ba zobe. Bugun rariya, wanda ya yi tashe a shekarun 1960, tawadarsa kauri gare ta, a shimfiɗe lif, har bakin launi yakan ɗan taso in an haska fitila daga gefe. A duba haruffa ma. A tsohon bugu, baƙin harafi baƙi ne zalla mai kaifin baki. In gefen harafin ya fashe zuwa ɗige-ɗige masu launi, to hoton fostar aka ɗauka aka sake bugawa, rubutu da komai.

Alƙalami77:
A yi hattara kada mutane su tashi da fahimtar cewa duk ofset jabu ne. Fostar da ta tallata nunin Lichtenstein a gidan Leo Castelli a New York a 1963 ofset ce, kuma ta asali ce. Manyan gidajen adana zane kamar Stedelijk na Amstadam, Moderna Museet na Stockholm da Louisiana na Denmak sun yi amfani da ofset sosai. Abin tambaya shi ne: da wace hanya aka buga WANNAN fostar a karon farko? In littattafan masana sun ce bugun dutse ce, kai kuma ka ga zobban ofset, magana ta ƙare. In sun ce ofset ce, sai ka koma ga takarda da girma da ƙananan rubutu.

Tsohuwar_Takarda:
Ƙananan rubutun nan su ne suka fi tona asiri, kuma ba sa buƙatar kayan aiki. A karanta gefen ƙasa da na dama a tsanake. Lambar gidan waya mai lamba biyar ta fara a Amurka a 1963, a Faransa a 1972, a Jamus sai 1993. Lambar tarho mai lamba goma a Faransa 1996 ta zo. Fostar da ke iƙirarin 1958 amma adireshinta na ɗauke da 75008, ai ta faɗi shekarunta da bakinta. Layin haƙƙin mallaka ma haka. Kalmar "Succession" gaban sunan Pikaso ko Matisse tana nufin magada, wato bayan rasuwa aka buga, kuma Pikaso ya rasu a 1973. ARS, ƙungiyar kare haƙƙin mallakar masu zane ta New York, an kafa ta a 1987, don haka ba za ta fito a bugun 1965 ba. Adireshin intanet ko lambar nan mai layi-layi ta kanti, ba sai an faɗa ba.

Sai awo. A nemi girman da aka rubuta a kundin masana, a auna da tef har milimita. Na Pikaso akwai kundin Czwiklitzer da ake komawa gare shi. Bambancin milimita biyu ko uku ba komai, takarda tana motsi. Bambancin santimita biyu yana nufin ko an datse gefe ko wani bugu ne dabam. Fostocin titi na Suwizalan santimita 90.5 ne da 128, na Jamus galibi A1, wato 59.4 da 84.1, manyan na Faransa 120 da 160. Na gidajen baje zane kuwa ƙanana ne, yawanci ba sa wuce 55 da 76.

DanGwanjo:
Tarko biyu da suka fi kama sababbin shiga, kuma mai sayarwa bai yi ƙarya kai tsaye ba a cikinsu. Na farko: a 1959 Fernand Mourlot ya fitar da littafi da ya tattara fostoci 102 na masu zane bakwai, an sake buga su da dutse a ƙaramin girma, kamar santimita 32 da 24. Ana yanke shafukan a sa a firam a rubuta "bugun dutse na Mourlot, 1959". Gaskiya ne, amma shafin littafi ne, ba fostar nunin ba. Na biyu: mujallar Derrière le Miroir ta gidan baje zane na Maeght da ke Faris, wadda ta fito daga 1946 zuwa 1982, fitowa 253, girmanta 38 da 28. Akwai bugun dutse na ainihi na Miró da Calder da Chagall a ciki, amma mai shafi biyu yana da ninki a tsakiya, kuma sau da yawa akwai rubutu a bayansa. Abu ne mai kyau a bango, sai dai a saye shi da sunansa da kuɗinsa. Kullum a nemi hoton bayan takarda kafin a biya.

Uwar_Ɗaki:
Sa hannun fa? Kusan duk wadda na gani a talla an ce "da sa hannu".

DanGwanjo:
Hajiya Uwar_Ɗaki, a tambaya: a cikin bugu ko da fensir? Wanda ke cikin bugu ɓangaren hoton ne, yana kan kowane kwafi, bai ƙara komai ba. Na fensir shi ne mai zanen ya riƙe takardar, kuma yawanci ana samunsa a 'yan kwafin da aka ware aka buga kafin a ɗora rubutun talla, a takarda mai kauri irin Arches ko Rives, da lamba kamar 45/150 a gefen hagu. A ɗaga takardar a haske za a ga tambarin kamfanin a cikinta. Sa hannun fensir a kan fostar talaka mai siririyar takarda abin zargi ne har sai an kawo hujja, domin babu abin da ya fi shi sauƙin ƙirƙira. Takardar shaidar da mai sayarwa ya buga wa kansa kuwa, darajarta daidai da darajar maganarsa ce. In ta gwanjo za a bi, a lissafa ladan gidan gwanjon, wanda kan kai kashi 20 zuwa 30 bisa farashin da aka buga guduma, ban da kuɗin aikowa.

Mai_Tawada:
Ƙarin gwaji: fitilar UV a ɗaki mai duhu. Tun wajen shekarun 1950 aka fara sa wa takarda sinadarin da ke ƙara mata fari, kuma yana ƙyallin shuɗi a ƙarƙashin fitilar. Fostar da aka ce ta 1930 ce in ta yi ƙyalli, a ajiye ta.

Alƙalami77:
Amma gwajin hanya ɗaya yake aiki, ɗan'uwa. Rashin ƙyalli ba shaida ba ne, ana yin takardar auduga mara wannan sinadari har gobe. Ga fostocin 1960 zuwa sama kuma, waɗanda su ne akasarin abin da ake magana a nan, ƙyallin ba ya nuna komai.

Gwanin_Firam:
Bari in shiga rabi na biyu na tambayar, don an bar shi a baya. Abin da ya fi kashe fosta ba rataya ba ne, mugun firam ne. Ga yadda ya kamata a jera daga gaba zuwa baya. Gilashi mai tace UV kashi 99, ko gilashin roba mai irin wannan kariya idan fostar ta wuce santimita 70 da 100, saboda nauyi da haɗarin fashewa. Sai tazara: takarda kada ta taɓa gilashi ko kaɗan, ko dai kwalin gefe ko siririn tsinken roba na milimita 3 zuwa 5 a ɓoye ƙarƙashin leɓen firam. In ta manne da gilashi, raɓa tana taruwa a wurin, tawada ta kama gilashin, ranar buɗewa hoton ya rabu biyu. Kwalin gefe da na baya su zama na auduga zalla mara asid. Kwalin banza shi ne ke barin layin nan ruwan ƙasa zagaye da hoto, kamar ƙuna.

Riƙe takardar kuma da 'yan ƙananan maratayi biyu kawai a gefen sama, na siririyar takardar Japan da gam ɗin sitacin alkama, wanda ɗan danshi ke saki. Ƙasa da gefe a bar su sake, domin takarda tana numfashi da yanayi. Wanda ya manne kusurwa huɗu zai ga ta yi tudu a tsakiya. Salatif, gam ɗin fesawa, da manne fosta gaba ɗaya a kan katako da zafi, waɗannan ba su da gyara mai sauƙi, kuma masu tarawa suna guje wa wadda aka yi wa haka. A ƙarshe a rufe baya da takarda don ƙura da ƙwari, a sa 'yan robobi biyu a kusurwoyin ƙasa don iska ta ratsa tsakanin firam da bango.

Shuɗi_da_Ja:
Malam Gwanin_Firam, na yarda da komai sai abu ɗaya: gilashin UV yana sa mutane su saki jiki. Hasken da ido ke gani ma yana cin launi, kuma ɓarnar tara-tara ce, ba ta komawa. Gidajen adana zane suna riƙe aikin takarda a wajen luks 50 (luks ma'aunin ƙarfin haske ne), suna nuna shi wata uku su mayar da shi duhu. Falo mai taga da rana yana ninka wannan sau da yawa. A ofset, rawaya da ja ne ke fara gudu, shi ya sa tsofaffin fostoci ke komawa shuɗi-shuɗi. Don haka bangon da rana ba ta taɓawa kai tsaye a kowane lokaci na yini, fitilar LED mara zafi, kuma kada a kafa fitilar hoto a kan firam ɗin. Danshin ɗaki tsakanin kashi 40 da 55. Ya haura 65 ya zauna, fumfuna da ɗigon tsatsa za su fito. Ban da kicin, ban da bangon da ke jingine da banɗaki, ban da saitin bakin na'urar sanyaya ɗaki.

Zanen_Bango:
To kun ga kun dawo kan maganata. In haka ne ai gara a adana ta asalin a rataye kwafi.

BugunDutse:
A'a Malam, ban bi ka nan ba. Launin bugun dutse na Miró ko sassaƙen lino (bugu da shimfiɗar roba da aka sassaƙa) da Pikaso ya yi wa garin Vallauris tare da mai bugu Hidalgo Arnéra daga 1951 zuwa 1964, babu firintar da ke kawo shi. Ja ɗin yana da jiki, baƙin yana da zurfi. Fostar da ke kwance a aljihun tebur ba ta ƙawata ɗakin kowa. Dabara ita ce firam ɗaya mai buɗewa ta baya, fostoci uku ko huɗu masu girma ɗaya, a riƙa sauyawa duk wata uku ko huɗu. Kowace ta sha haske kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na shekara.

Shuɗi_da_Ja:
Wannan ya yi ga fostar da aka buga dubbai. Mai lamba da sa hannun fensir, ni dai ra'ayina na tare da Zanen_Bango.

Uwar_Ɗaki:
Ta fuskar ado, tunda shi ne asalin zancen: tsakiyar hoto ya zauna santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, kusan kowa yana ratayewa sama da kima. A kan kujera, a bar 15 zuwa 25 tsakanin bayan kujerar da gindin firam, faɗin kuma kamar kashi biyu cikin uku na kujerar. In jeri ne, tazarar 5 zuwa 8 tsakani, a fara gwadawa da yankakkiyar jarida a bango kafin a huda. Firam siriri, baƙi ko katako mara fenti. Kuma don Allah kada kwalin gefe ya rufe rubutun. Sunan gidan nunin da kwanan wata su ne suka mai da ita fosta, wanda ya rufe su ko ya yanke su ya zubar da rabin tsarin. Fostocin da Wim Crouwel ya yi wa Stedelijk ma ai rubutun ne kansa zanen.

Tsohuwar_Takarda:
Game da wadda ta iso a naɗe cikin bututu: kada a yi gaggawa. A bar ta kwana ɗaya ko biyu ta saba da iskar ɗakin, a warware a hankali a kan tebur mai tsabta da hannu busasshe, a sa ta tsakanin takardu masu shan ruwa marasa asid, a ɗora faffaɗan katako da littattafai, mako ɗaya zuwa biyu. Ban da dutsen guga, ban da naɗewa ta baya da ƙarfi. Bugun rariya ya fi kowa tsoron naɗi, tawadarsa tsagewa take. Ajiya a kwance cikin jakar poliyesta, ba ledar PVC ba, wadda ke yin maiƙo ta ɗauke tawada. In dole sai an naɗe, a naɗe a BAYAN bututu mai faɗin santimita 10 ko fiye, ba a cusa ciki ba.

Alƙalami77:
Manne fosta a kan yadi fa? Wasu na cewa yana rage daraja.

Gwanin_Firam:
Ya danganta. Aikin kirki hawa uku ne: yadin auduga, takarda mara asid a kansa, sannan fostar, duka da sitacin alkama, don haka ana iya warwarewa. Ga babbar fostar titi mai siririyar takarda da ta yage a ninki, wannan ceto ne, kuma kasuwa ta karɓe shi. Ga ƙaramar fosta mai lafiya a takarda mai kauri, ɓarna ce: an rufe baya, an ɓoye tambarin takarda, an daddanne jikin tawadar. Kuma yadi yana ɓoye gyara. A haska fitila daga gefe, wurin da aka cike aka shafa launi ba ya ƙyalli daidai da sauran. Kyankyasai da ƙwarin takarda suna son sitaci, shi ya sa rufe bayan firam ba ado ba ne.

DanGwanjo:
Ninki ma ba kullum ne aibi ba. Gidajen baje zane da dama suna ninke fosta su aika ta gidan waya a matsayin gayyata, har da adireshi da kan sarki a baya. Irin wannan ninkin shaida ne. Darajojin A, B, C da dillalai ke bayarwa kuwa babu hukumar da ta tsara su, B+ na wani shi ne A- na wani, don haka a nemi a lissafa aibin ɗaya-ɗaya: yagewa santimita nawa, a gefe ko cikin hoto, ramin ƙusa, tabon salatif, an datse ko ba a datse ba.

Mai_Tawada:
Komawa ga iƙirarin farko, akwai inda ma'aunin Zanen_Bango ke tangarɗa. Gidan Maeght ya ci gaba da sayar da fostocinsa shekaru bayan nuni, wasu ragowar bugun farko ne, wasu an sake bugawa a maɗaba'arsu ta ARTE da hanya iri ɗaya. Takarda biyu za su iya zama kusan tagwaye, ɗaya ta shekarar nunin, ɗaya ta bayan shekara goma. Ta biyun kwafi ce? Da izini aka yi ta, gidan da ya yi ta farkon ne ya yi ta.

Zanen_Bango:
Kwafi ce mai mutunci, amma kwafi ce. Abin da nake nema kawai a rubuta "bugu na biyu" a jikin talla.

BugunDutse:
Su ma dillalan ba kullum suke iya rabewa ba, Malam. Wani lokaci bambancin bai wuce layin sunan maɗaba'a a gefe ko nauyin takarda ba. @Tsohuwar_Takarda, in mutum na da biyun a gabansa amma babu kundi, daga ina zai fara, kaurin takarda ko launin bayanta?

Tsohuwar_Takarda:
Layin maɗaba'a tukuna, don ARTE ba ta fara aiki ba sai 1964, fostar nunin 1950 da wani abu mai ɗauke da sunanta ta bayan lokaci ce. In layin iri ɗaya ne, sai a kifa su biyun a kan farar takarda a hasken rana mara kaifi a kwatanta gefuna. Wadda ta daɗe takan fi yin ruwan madara a baki-baki fiye da tsakiya, sai dai wadda ta kwana shekara hamsin a tsakiyar tari ba za ta nuna ko wannan ba.